Maigidana ya ɓoye maganin zuciyarsa, wai yana kashe masa jiki

Wata baiwar Allah ce daga Gwammaja ta turo min wannan saƙon daren jiya, na taƙaita shi na cire duk abin da zai sa a gane su.

"Anti assalamu alaikum, dan Allah ki taimaka min da shawara. Abban yarana shekararsa 49, yadi yake sayarwa a Kwari. Wata biyar da suka wuce ciwon ƙirji ya matsa masa, in ya hau bene ko ya ɗan yi sauri sai ya dafe ƙirji ya tsaya, muka je asibiti aka yi gwaje-gwaje likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa ne suka tsuke, aka ba shi magunguna ciki har da wani ɗan ƙarami bisoprolol 5mg kullum da safe. Ciwon ya lafa alhamdulillah amma tun daga nan kullum cikin kukan kasala yake, hannu da ƙafa sanyi ƙalau, kuma Anti ki yi haƙuri har harkar iyali ta ja baya. Abokansa na majalisa suka ce masa wai wannan maganin ne ke kashe maza. Jiya ina gyaran ɗaki na tarar da katin maganin a ƙarƙashin katifa, kwana huɗu bai sha ba, ga shi tun shekaranjiya yake cewa gabansa na faɗuwa zuciyarsa na dukan uku-uku. Da na yi magana ya ce ai awonsa ya dawo daidai, ya warke. Ni dai tsoro nake ji kuma bana son in yi abin da zai ga kamar na raina shi."

Wa alaikumussalam ƙanwata. Tsoronki a kan hanya yake, bari in fara da abin da ba ya jira sannan in yi miki bayani a tsanake. Yau ɗin nan ya kamata likita ya gan shi, ba sai ranar da aka rubuta muku a kati ba, ba kuma sai an taso daga kasuwa ba. In kuma kafin ku fita ƙirjin ya riƙe shi kamar an ɗora masa dutse, ko ciwon ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi ya keto masa, ko haki ya kama shi yana zaune, to ko kati kar ki tsaya nema, ku tari adaidaita ku wuce imajensi, asibitin Murtala ba shi da nisa da ku. Kuma dan Allah kar ki ce zaki haɗa masa waɗanda ya tsallake ko ki ba shi biyu don ya rama, likita ne zai ji bugun ya auna jinin sannan ya faɗi yadda za a mayar da shi kan maganin.

Ga dalilin da ya sa kika ji ina ta wannan gaggawar. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da ya zauna kamar hula, shi ke fitar da sinadarin da ake kira adiranalin. Kin san lokacin da yaro zai kufce miki ya nufi titi ga mota tafe, yadda gabanki zai yanke ya faɗi, zuciya ta hau bugawa, hannu na rawa, ki ji wani ƙarfi da baki san kina da shi ba? To aikinsa kenan, shi da ɗan'uwansa noradiranalin wanda jijiyoyin kai saƙo ke zubawa kai tsaye a jikin zuciya. Allah ya yi mana su don ranar tsira. Sai dai ba ranar tsoro kaɗai suke fita ba, kaya sun maƙale a hanya, mai bashi ya ƙi ɗaga waya, kuɗin makarantar yara ya zo, hawan benen shago sau goma a wuni, duk suna fita kaɗan-kaɗan suna ce wa zuciya ƙara gudu, ƙara ƙarfi.

Ita kuma zuciya tana da wasu 'yan ƙananan wurare a jikin tsokarta inda wannan saƙon ke sauka. Ni in ina yi wa mutane bayani a shagon magani kunnuwan zuciya nake ce musu, masana kuma beta suka sa musu suna. Na zuciya mafi yawansu beta-1 ne, akwai irinsu a ƙoda ma, sai beta-2 da suka fi yawa a hanyoyin iska na huhu da jijiyoyin jini da hanta. Maganin maigidanki abin da yake yi shi ne ya je ya zauna cikin kunnen nan kamar auduga. Adiranalin na nan yana ta kira, ba a hana shi fita ba, amma zuciya sai ta riƙa jiyo shi daga nesa-nesa, sai ta rage gudu ta rage ƙarfin matsewa. A ƙoda kuma ya rage fitar wani sinadari mai suna renin da ke sa jijiyoyi su matse jiki ya riƙe gishiri da ruwa, shi ya sa awon jini ma ke sauka. Dangin maganin ana ce musu beta-buloka, wato masu toshe beta, kuma zaki gane su da sunansu don kusan duk da lol suke ƙarewa, atenolol, propranolol, metoprolol, carvedilol, da nasa bisoprolol.

Wataƙila ki ce to meye amfanin rage wa zuciya gudu ga wanda jijiyarsa ta tsuke. Nan ne wurin da nake so ki riƙe sosai don shi zaki faɗa masa. Zuciyar da ke raba wa duk jiki jini ita ma tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita, kuma ba ta samun rabonta sosai a lokacin da ta matse, sai a ɗan sakin nan da ke tsakanin bugu da bugu. Kamar uwargida ce ranar aikin biki, kowa ya ci amma ita ba ta kai loma baki sai ta ɗan samu sarari. In gudu ya yi yawa sararin ya ragu, ga aiki ya ƙaru ga hanyar abincin dama a tsuke take, shi ne wannan ciwon da yake sa shi dafe ƙirji a kan bene, tsokar ce ke kukan yunwa. Ki lissafa da kanki, zuciyar da ke bugawa 90 a minti tana yin 129,600 a kwana ɗaya, wadda ke yin 60 kuma 86,400 take yi. Bugu sama da dubu 43 kenan aka ɗauke mata kullum. Wani masani ɗan Sikotlan, James Black, shi ya yi wannan tunanin tun wajen ƙarshen shekarun 1950, lokacin kowa ƙoƙarin buɗe hanyar jinin yake, shi kuma ya ce in ba a iya ƙara abincin ba ai ana iya rage yunwar. Daga nan propranolol ya fito a 1964, kuma a 1988 aka ba shi kyautar Nobel. Kinga kenan shekara sittin ana amfani da su, an san halinsu ciki da bai, har da abin da ke faruwa in an yanke su rana ɗaya.

Jiki ba ya zama haka nan in an toshe masa kunne. Wata biyar zuciya na jin kiran adiranalin ƙasa-ƙasa, sai ta ƙara yawan kunnuwan don ta ji da kyau. Muddin audugar na ciki ba komai. Ranar da aka zare ta gaba ɗaya kuwa, ga kunnuwa sun fi na da yawa ga su duk a buɗe, kiran da a da take jinsa daidai yanzu kamar an kafa mata lasifika ne, sai ta zabura da gudu, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo wani lokacin fiye da na farko, kuma ga mai tsukakkiyar jijiya yana iya kaiwa ga bugun zuciya babba, Allah ya kiyaye. Bisoprolol rabinsa na barin jini cikin awa 10 zuwa 12, bayan kamar kwana biyu saura kaɗan ne ya rage. Duba saƙonki, kwana huɗu da dainawa, faɗuwar gaba ta fara shekaranjiya. Wallahi da na karanta wurin nan sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don daidai lokacin ne. Shi ya sa ko likita da kansa in zai cire wa mutum wannan maganin ba ya yanke shi, ragewa yake kaɗan-kaɗan cikin sati ɗaya zuwa biyu ko fiye, har ƙarin kunnuwan su koma.

Maganar awo ya dawo daidai kuwa, ai maganin ne ya riƙe shi a daidai ɗin. Kuma tun farko ba don awon jini kaɗai aka ba shi ba. Na san abin da ake faɗa a majalisa, wani zai ce ni ma ina da hawan jini shekara goma amma amlodipine aka ba ni ban taɓa jin komai ba, kai me ya sa aka ba ka wannan. Gaskiya ne, ga hawan jini zalla musamman a jikin baƙar fata irinmu beta-buloka ba shi ake fara bayarwa ba, amlodipine da magungunan fitsari sun fi sauke mana jini. Amma ciwon Alhaji daban na abokinsa daban, shi zuciyar ake karewa. Ana ba da dangin maganin nan ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya babba, da wanda zuciyarsa ta yi rauni tana tara ruwa, da mai bugu barkatai, har da mai maƙoƙon da ke sa zuciya gudu da mai ciwon ɓarin kai da mai rawar hannu, akwai ma na ɗigawa a ido, timolol, ga masu hawan jinin ido. Sunan ɗaya ne amma kowa da dalilinsa da awonsa.

Yanzu mu zo kan kukansa, don ba ƙarya yake ba kuma bana so ki nuna masa kamar raki ne. Kasalar gaskiya ce. Zuciyar da aka rage wa gudu ba ta zabura da sauri in ya tashi aiki, sai ya ji jiki ya yi nauyi, ƙafa ba ta ɗaguwa kamar da. Sanyin hannu da ƙafa ma gaskiya ne, jinin da ke isa can ƙarshe ya ragu, in hunturu ya shigo ma abin ya fi, ki tanadar masa safa. Wasu jiri suke ji in sun miƙe da sauri, musamman tasowa daga sujada ko daga tabarma, sai ya riƙa tashi a hankali. Yawancin mutane cikin 'yan makonni jikinsu ke sabawa, amma shi wata biyar abin bai sake shi ba, to wannan magana ce da ya kamata likita ya ji tun tuni, kuma tana da gyara. Bisoprolol akwai na 2.5 akwai ma na 1.25, ana iya rage masa, ana iya canja masa lokacin sha, ana iya sauya masa wani a dangin ko ma wani dangin daban. Sannan a duba ko kasalar ba daga wani wurin take ba, ƙarancin jini, suga, rashin barci, ko zuciyar kanta. Duk wannan ba zai yiwu ba in katin na ƙarƙashin katifa likita kuma yana zaton ana sha.

Harkar iyali kuwa, na gode da kika daure kika faɗa, don ni a ganina ita ce ainihin abin da ya sa ya ɓoye maganin, kasala da sanyin hannu rakiya suka yi. E, beta-buloka na iya rage wa wasu maza kuzari, ba zan ce miki sam babu ba. Amma ki ji wannan. A 2003 an yi wani bincike a Italiya da maza 96 masu ciwon zuciya, duk aka ba su atenolol iri ɗaya. Waɗanda ba a gaya musu sunan maganin ba, kashi 3 cikin 100 ne suka yi kukan rauni. Waɗanda aka gaya musu sunan aka kuma ce yana iya kawo rauni, kusan kashi 31 ne. Ƙwaya ɗaya, bambancin kawai abin da kunne ya ji. To ki duba mutumin da kullum in ya zauna a majalisa ana ce masa wannan abin na kashe maza, ya dawo gida da maganar a ransa, ga tsoron kar ƙirjin ya motsa a tsakiyar abu, ta ina kuzari zai zo? Sannan wani abin da 'yan majalisa ba za su faɗa masa ba, cutar da ta tsuke jijiyar zuciya ita ma tana tsuke jijiyoyin can ƙasa, don su sun ma fi ƙanƙanta, sau da yawa rauni na riga ciwon ƙirji zuwa. In yana shan taba ko yana da suga abin ya ƙaru. Kenan zai iya watsar da maganin ya saka ransa a haɗari kuma matsalar tana nan inda take. In kuma an duba an ga maganin ne, akwai nebivolol a dangin wanda ba a cika kuka da shi ta wannan fannin ba, likita zai ga ko ya dace da shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne matakin da ke biyo baya, don waɗanda suka ce ya daina su ne za su kawo masa na ƙarin ƙarfi, ko ƙwaya daga kemis ko wani haɗi a jarka ko garin sha da shayi. Ki buɗe ledar magungunansa ki duba, in akwai isosorbide ko wani ɗan ƙarami da aka ce ya sa a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe, to haɗa shi da sildenafil, wato ƙwayar ƙarin ƙarfin maza, da danginsa na iya faɗar da jini ƙasa warwas cikin ɗan lokaci, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kuma an sha samun irin wannan sinadarin a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake tallarsu da sunan na gargajiya. Wannan kam ko zai ji haushi ki faɗa masa. Tunda kin buɗe ledar ki ƙirga sauran ma, asfirin da na kitse, ki ga ko su yana sha.

In kun shiga wurin likita akwai abubuwan da za ku ambata ko bai tambaya ba. In Alhaji na da asma ko ƙirjinsa na kukan kyanwa lokacin ƙura a faɗa, don toshe beta-2 na matse hanyar iska, bisoprolol ya fi karkata ga na zuciya amma propranolol duka yake toshewa kuma haɗari ne ga mai asma. Shi ya sa nake roƙon mutane su bar ɗabi'ar nan ta ungo nawa ka sha ai ciwonmu ɗaya. In yana da suga kuma yana shan magani ko allura, ki sani alamun faɗuwar suga irin su saurin bugun zuciya da karkarwa adiranalin ne ke kawo su, maganin na iya rufe su, gumi ne dai ba ya ɓuya, in kin ga yana haɗa gumi haka kawai ki auna. Ku faɗi in yana yawan sayen diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, da magungunan mura masu buɗe hanci, duk suna ta da jini. In yana azumin Litinin da Alhamis ku tambayi lokacin da ya fi dacewa ya sha, sau ɗaya ne a rana, ana iya daidaita shi da sahur ko buɗa baki ba sai an tsallake ba.

Saura yadda zaki tunkare shi. Kar ki fito da katin a gaban yara ko ki ce na kama ka, kar kuma ki kai maganar gidansu tukuna. Mutumin nan kunya ce ta sa shi, yana ganin ya gaza a wurinki ne ya rasa yadda zai faɗa. Ki same shi ku biyu, ki ce Abban yara ni ban kawo maka ƙorafin komai ba, faɗuwar gaban nan ce ta hana ni barci. Ki kama hannunsa ki sa yatsu biyu a wuyan hannun ƙasan babban yatsa, ku duba agogo ku ƙirga tare minti ɗaya cur. Mai lafiya a zaune tsakanin 60 da 100 yake, wanda ke kan wannan maganin sau da yawa wajen 55 zuwa 60 ake so ya zauna, in ya sauka ƙasa da 50 da jiri shi ma a koma asibiti. Shi da kansa zai ji inda tasa take yanzu, ɗan kasuwa ne, lissafi ya fi shigarsa fiye da magiya. Ki gaya masa ba cewa kike ya haƙura da kasala har abada ba, cewa kike a je a gyara. In kun isa ki ba shi wuri ya gana da likita shi kaɗai na ɗan lokaci, akwai maganar da ba zai iya furtawa kina zaune ba, in namiji yake so ya gani ku nemi hakan. In ya ƙi fita sam, ki kira yayansa ko amininsa guda ɗaya da yake jin nauyi, ki ce maganin zuciya ya daina kuma jikin ya motsa, iya nan, sauran sirrinku ne.

Ki ɗauki ledar magungunan gaba ɗaya har da katin da kika tsinta, ki rubuta ranar da ya sha na ƙarshe da adadin bugun da kuka ƙirga a 'yar takarda, kar ya tuƙa mota ko babur da kansa, kar kuma ya hau bene ko ya ɗauki dila yau. In kun dawo ki turo min abin da likita ya ce. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan kula.